Bara'atu da Wuƙar Takaba

Wata Talata ce a tsakiyar damina, da ruwa aka wayi gari a Suleja. Ba mai iska da tsawa ba, irin mai zuba a hankali ɗin nan, wanda in ya fara sai ka ce ya manta da ɗaukewa. Kwatocin unguwar Magajiya sun cika sun tumbatsa, jan ruwa na gangarowa da ledoji da totuwar masara, Dutsen Zuma kuwa hadari ya lulluɓe shi ruf, ko alamarsa babu. Masu shaguna da suka leƙo su ga ko za a iya buɗewa, sai suka hango mata biyu a ƙarƙashin lema ɗaya, tsohuwa da matashiya, suna tsallake taɓo suna neman keke napep. Aka dubi juna. Matashiyar Bara'atu ce, kuma kowa ya san takaba take yi, mijinta ko arba'in bai yi a ƙasa ba. Tsohuwar kuwa uwar mamacin ce.

Har yau in ana labarin Bara'atu a unguwar, daga lemar nan ake farawa. Amma wanda bai san ta ba, gara a koma da shi baya kaɗan.

A unguwar Wambai aka haife ta, gidan Malam Gambo tela, mai keken ɗinki a zaure. Tun tana ƙarama tambaya ce abincinta. Me ya sa ake fara zuba wa yayyenta maza tuwo? Me ya sa in an yanka kaza ita ce mai figa, amma ƙafa da wuya ne rabonta? Uwarta takan ce, “Ke dai Allah Ya shirye ki, bakinki ya girme ki.” Uban kuwa ba ya tsawata mata. Sai ya tsayar da keke, ya zare zaren da ke bakinsa, ya ce, “Je ki tambayi malamarku ta Islamiyya, a littafi yake ko a bakin mutane yake? In a littafi yake, mu bi. In a bakin mutane yake, to, a zauna a yi magana.” Ta kuwa je ta tambaya. Malama ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita dai duk karatunta ba ta taɓa cin karo da babin ƙafar kaza ba. Daga ranar nan Malam Gambo da hannunsa yake cire mata cinya.

Da wannan tambayar ta girma. Ta yi sauka, ta yi boko har difloma, sannan ta sami aiki a Abuja da wata ƙungiya mai kare haƙƙin mata. Aikin ba na lauya ba ne, rakiya ce. Macen da aka doka, ko aka kora da tsakar rana, ko aka raba da ɗanta, sau da yawa ta san gaskiyarta sarai, amma da ta ga ɗan sanda ko alƙali sai harshenta ya sarƙe. To, Bara'atu ce mai zuwa da ita. Ta zauna kusa da ita a benci, ta riƙe mata hannu ta ƙarƙashin hijabi, ta ce, “Faɗi yadda kika faɗa mini jiya, kada ki ƙara, kada ki rage.” Iyakar aikin ke nan, amma ba kowa ke iya shi ba.

A jakarta kullum akwai 'yar sallaya mai laushi a ninke. Ta yi azahar a ƙarƙashin matattakalar ofis, ta yi la'asar a barandar asibiti, ta yi a bayan ofishin 'yan sanda kusa da ruɓaɓɓun motoci. A Abuja abokan aikinta suna ce mata Ustaziya. A Suleja matasan bakin titi suna ce mata 'yar feminis, wai irin matan nan da ke son su hau kan maza. Ita kuwa ba ta musa ko ɗaya daga cikin sunayen ba. Wata rana da wani ya matsa mata a motar haya, wai yaya za a yi mace mai sallah ta riƙa kai maza kotu, sai ta ce masa, “Malam, goshin da na kai ƙasa da asuba, shi nake zuwa da shi kotu. Ba ni da na canji.” Ta juya ta ci gaba da kallon taga.

A Gauraka ta haɗu da Suhaibu. Motar da ta ɗauko su daga Abuja ce ta mutu a nan, fitila ta ƙi kamawa, aka kira mai gyaran wayarin mota. Ya zo da 'yar fulayarsa a aljihu, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Fasinjoji na ta zage-zage, shi kuwa sai da ya fara kawo wa tsofaffin cikin motar benci suka zauna, sannan ya buɗe bonet. Wannan bencin ne ya tsaya mata a rai.

Suhaibu ɗa ɗaya tilo ne ga uwarsa, Inna Uwani. Ubansa ya rasu yana ƙarami, ya tashi a ƙauye a hannun baffansa Baƙo, sai da ya yi wayo ya dawo Suleja wurin uwar. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan game da yarintarsa. Abin da Bara'atu ta lura da shi kawai, duk inda yake, duk yawan aiki, ba ya cin tuwon dare sai a gaban Inna. Da aka yi aure a gidan suka zauna, a Magajiya, ɗaki da rumfa nasu, na Inna na kallon nasu.

Kullum da sassafe shi yake kai ta tashar motocin Abuja a kan babur ɗinsa. In ta sauka sai ya ce, “Barista ba hula, a gaida alƙali.”

Ita kuma ta ce, “Injiniya ba ofis, a gaida bonet.”

Shekaru suka tura, haihuwa ba ta zo ba. Matan unguwa suka fara cewa yawon Abuja ne, wasu suka ce ai irinsu maganin hana haihuwa suke sha. Inna Uwani da aka kawo mata gulmar har ɗaki, ta gama tsinke zogalenta tsaf, sannan ta ce, “Ku da kuka san inda ake rabon 'ya'ya, ku karɓo mana mana.” Ba a sake kawo mata ba.

Farkon daminar nan zazzaɓi ya kama Suhaibu. Aka ɗauka na sauro ne, ashe ƙoda ce. Kafin a farga ƙafafu sun kumbura, kafin a gama kai-kawon asibiti rai ya yi halinsa.

Da aka watse daga zaman makoki na uku, Inna Uwani ta shigo ɗakin Bara'atu da wani abu ƙunshe a tsumma. Ta zauna a bakin tabarma ta kwance ƙullin. 'Yar wuƙa ce mai ƙotar icce, ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi don tsufa, bakinta kuwa ko albasa ba zai yanka da daɗi ba.

“Ungo, 'yar nan. Da ita na yi tawa takabar. In za ki kewaya, ko za ki fito tsakar gida, tana hannunki. Mai takaba jikinta a buɗe yake, iska na bin ta.”

Bara'atu ta dubi wuƙar. Ita ce fa mai tsayawa gaban mata a taro tana faɗa musu cewa riƙe wuƙa, da hana wanka sai Juma'a, da hana mai takaba ɗaga murya, duk a bakin mutane suke, ba a littafi ba. Abin da Allah Ya ɗora wa mace shi ne ta bar ado, ta kwana a ɗakin mijinta, ta jira wata huɗu da kwana goma. Ta san wannan kamar sunanta. Amma da ta ɗaga kai ta ga idon tsohuwar da ya ƙafe don kuka, sai ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

“Na gode, Inna.”

Batun wanka dai ba ta bi ba. Kullum da hantsi takan ɗauki bokitinta. Inna kuma a daidai lokacin sai ta ƙure murya a rediyonta, wai ita ba ta ji ƙarar ruwa ba. Haka suka zauna, kowa ta bar wa 'yar'uwarta kaɗan.

Ana nan sai shugabar ofishinsu, Madam Adaeze, ta zo gaisuwa da kular abinci da katan na lemo. Mace ce mai kirki, ta rungume Bara'atu ta yi kuka sosai. Da ta share ido ta ga tabarma, ta ga tsohon zanen da ke jikinta ba ɗan kunne ba kwalli, ta ga wuƙa a gefen matashi, sai ranta ya ɓaci. Ta rage murya, da Hausarta mai gargada ta ce, “Bara, mene ne wannan? Ke da kike koya wa mata? Tashi ki ɗauki kaya, akwai ɗaki a gidana. Ba wanda zai kulle ki wata huɗu. Namiji in matarsa ta mutu, wa yake kulle shi?”

Bara'atu ta yi ɗan murmushi. “Madam, ba a kulle ni ba. Ina so ne.”

“Kina so?”

“Tunda na fara aiki kukan wasu nake ɗauka. Yanzu Ubangijina Ya ba ni kwanaki Ya ce zauna ki yi naki, kada wanda ya zo miki da maganar aure, kada wanda ya ce ki yi kwalliya ki yi dariya. A ɗakin nan rigarsa take, har yanzu da ƙanshin man inji. Ina zan je?”

“To wuƙar fa? Ita ma Ubangiji ne?”

“A'a. Wannan ta Inna ce. Ba don aljanu nake riƙe ta ba.”

Madam Adaeze ta buɗe kula ta ce, “To ci abinci, Ustaziya. Wannan dai ba a hana ba ko?” Suka yi dariya, dariyar farko da aka yi a ɗakin tun rasuwar.

Kwanakin nan Bara'atu ta koma wa karatunta kamar mai ƙishirwa. Bayan asuba ta ɗauki izu, bayan la'asar ta ƙara. Wani lokaci takan tsaya a tsakiyar addu'a ta kasa ci gaba, sai ta bar goshinta a ƙasa kawai. Inna daga ɗakinta tana jin muryar, tana jan carbi.

Sai ga Asma'u. Asma'u mai sayar da shinkafa da wake ce a Gauraka, kusa da garejin su Suhaibu, shi ne ma ya haɗa ta da Bara'atu. Mijinta ya sake ta, danginsa suka zo suka ɗauke 'yarta Umaima, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba, suka kai ta gidan wata gwaggo. Bara'atu ce ta raka ta ta shigar da ƙara a kotun shari'a tun kafin rashin lafiyar Suhaibu. Asma'u irin matan nan ne da in namiji ya daka tsawa sai jikinta ya ɗauki ɓari. A zaman farko, da tsohon mijin ya harare ta, ko sunanta kasa faɗa ta yi sai da Bara'atu ta matse mata yatsu.

Ta yi gaisuwa a tsakar gida, Inna na gefe tana gyaran wake. Da za ta tashi sai ta ce, “Anti, Talata ce fa zaman. Amma kada ki damu, na san halin da kike ciki. Na ma yanke shawara ba zan je ba. In na je ni kaɗai ba abin da zan iya faɗa, dariya za su yi mini. Na bar su da Allah. In ta girma ta neme ni.”

Tana maganar tana murza wani ɗan takalmin roba a cikin hijabi, ƙafa ɗaya, ja. Wai ranar da aka ɗauke yarinyar shi ya faɗi a ƙofar gida.

Bara'atu ta ce, “Ki shirya ranar Talata. Ki jira ni a ƙofar kotu.”

Hannun Inna ya tsaya cak a cikin waken.

Da baƙuwa ta tafi, Bara'atu ta zo ta durƙusa gabanta. “Inna, ina neman izininki. Mai takaba in da lalura tana iya fita da rana, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Malamai sun faɗa. Ba zan yi ado ba, ba zan tsaya ko'ina ba, kafin magariba ina gida.”

“Ni ban yi karatu ba, 'yar nan, ba zan ja da malamai ba.” Inna ba ta ɗago ba. “Amma in kika taka ƙofar nan kwanaki ba su cika ba, unguwar nan za ta ce yaron nan bai isa a zauna masa ba. Su faɗa, ban damu ba. Abin da nake tsoro, ni ma zuciyata haka za ta faɗa mini. Kuma in ta faɗa, ban san yadda zan ƙara kallonki ba.”

Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba, washegari ma kunu kawai ta kurɓa.

Nan fa abin ya yi wa Bara'atu nauyi. Ba ɗa tsakaninta da gidan nan. Iyayenta sun riga mu gidan gaskiya. Duk abin da ya rage mata na Suhaibu a duniya, rigar nan ce mai ƙanshin mai, da tsohuwar nan mai irin hancinsa da irin shirunsa. In ta fita tana iya rasa ta. In ta zauna kuma, Umaima za ta tashi ba ta san fuskar uwarta ba. Ta yi alwala, ta yi nafila, ta roƙi zaɓin Allah. Ba ta yi mafarki ba, ba ta ga wata alama ba. Abin da ya riƙa dawo mata a rai kawai shi ne jan takalmin nan, da kuma tambayar da ta tabbata Suhaibu zai yi mata da yana nan: Barista, yau ba kotu ne?

Ranar Talata bayan asuba, ruwa na zuba, ta sa tsohon hijabinta mai ruwan toka, ta ninke sallaya ta sa a jaka. Ta tsaya a ƙofar Inna ta yi sallama. Shiru. Ta ƙara. Shiru. Hawaye ya zubo mata, ta ce, “Inna, na tafi. Ki yafe mini.” Ta juya ta nufi zaure.

A zauren ta tarar da Inna. Tana zaune a kan babur ɗin Suhaibu da aka rufe da buhu, ta yi lulluɓi, ta sa takalmin fita, lema a hannu.

“Kin ɗauko wuƙar?”

“Tana jaka, Inna.”

“To mu je. Mai takaba ba ta tafiya ita kaɗai.”

Sai da suka shiga keke napep, direba ya sauke ledar gefe saboda feshi, sannan tsohuwar ta buɗe baki. Ba Bara'atu take kallo ba, ruwan da ke bin ledar take kallo.

“Ina cikin takaba Baƙo ya zo. Da hantsi ne, ina zaune a tabarma, wuƙar nan a hannuna. Yaron yana wasa da gwangwani a tsakar gida. Ya ce ɗan ɗan'uwansa ba zai tashi a hannun mace ba. Ya saɓa shi a kafaɗa. Yaron yana miƙo hannu yana kira na. An ce mini mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta taka ƙofa. Ban ɗaga ba, ban taka ba.” Keke ya faɗa rami ya fito. “Wuƙar ta tsare ni daga iska, ban musa ba. Amma ba ta tsare mini Suhaibu ba.”

Bara'atu ta ɗago da sauri. Tunda take a gidan ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba, don ɗan fari ne, kunyarsa take ji, kullum sai dai yaron nan.

“Da ya dawo mini ya fi ni tsawo,” Inna ta ci gaba. “Ban ga faɗuwar haƙorinsa ba. Ban san wa ya yi jinyar kaciyarsa ba. Da a ce a ranar akwai wata mace da za ta kama hannuna ta ce tashi mu je...” Ba ta ƙarasa ba. Ta gyara lulluɓi ta ce wa direba, “Kai ɗan nan, a hankali, ba buhun doya ka ɗauko ba.”

A ƙofar kotu Asma'u na tsaye a jiƙe, ta rufe kai da leda. Da ta ga su biyu sai ta toshe baki. Mai gadi, wani dattijo da ake kira Tanimu, yana duba jakunkuna da 'yar na'urar nan mai kuka. Ya kai ta kan jakar Bara'atu, ta ɗauki tsuwa. Ya sa hannu ya zaro wuƙa.

“Hajiya! Wuƙa a kotu? Alƙalin za a yanka ko wanda ake ƙara?”

“Ta takaba ce, Malam,” in ji Inna.

Fuskar Tanimu ta sauya. Ya dubi hijabin mai ruwan toka, ya dubi idon da ba kwalli. “Allahu akbar. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Tsohuwata ma ta riƙe irinta. Amma wallahi Baba, doka ce, ƙarfe ba ya shiga.”

Bara'atu ta dubi Inna. Ta san a wurin tsohuwar, shiga cikin taron maza ba wuƙa kamar shiga daji ne ba takalmi. Ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta riga ta.

“Kawo nan.” Ta karɓi wuƙar daga hannun mai gadi ta riƙe a nata. “Ni zan riƙe miki. Hannuna ya san ta. Ke shiga ki riƙe na yarinyar nan, shi ya fi bukata.”

Tanimu ya jawo bencinsa cikin rumfa, ya goge shi da hularsa, ta zauna.

A ciki, da aka kira ƙara, tsohon mijin ya miƙe ya yi ta bayani da ƙarfi, wai mai sayar da abinci a bakin titi ba ta da lokacin tarbiyya. Alƙali ya juyo ga Asma'u. Jikinta ya fara ɓari. Bara'atu ta laluba ta ƙarƙashin hijabi ta kama yatsunta, ta ji ɗan takalmin nan a tafin hannun, ta haɗa duka ta matse.

“Faɗi yadda kika faɗa mini,” ta raɗa mata.

Asma'u ta faɗa. Muryar na rawa da fari, daga baya ta daidaita. Ta faɗi yadda take goya yarinyar tana tuƙa abinci, da irin kunun da take sha da wanda ba ta sha, da yadda ba ta barci sai ta kama kunnen uwarta. Alƙali ya saurara har ƙarshe. Ya ce a shari'a yarinya ƙarama uwarta ce ta fi cancanta da riƙonta matuƙar ba wani aibi da aka tabbatar, ya ba da umarni a kawo Umaima a zama na gaba a miƙa ta a gabansa.

Da suka fito ruwa ya tsagaita. Suka tarar da Inna a inda suka bar ta, wuƙa a hannun dama, carbi a na hagu, ita da Tanimu suna musu a kan ko gyaɗar bana za ta yi kyau. Asma'u ta zube gabanta tana kuka tana godiya. Inna ta ce, “Ke tashi, taɓo ne a nan. In an ba ki ita ki kawo mini in gani. Ki sayo mata ɗaya ƙafar takalmin.”

Azahar ta yi. Bara'atu ta shimfiɗa 'yar sallayarta a gefen rumfar mai gadi, Inna ta fara yi, sannan ita. Ta daɗe a sujadar ƙarshe. Kafin la'asar suna gida. A zaure Inna ta miƙa mata wuƙar, ita kuma ta karɓa da hannu biyu kamar ranar farko.

Unguwa ta yi magana, ba a rasa ba. Amma maganar ba ta yi nisa ba, don duk wadda ta ɗauko ta sai a ce mata ai da uwar mijin aka je. Bara'atu ta cika takabarta a ɗakin Suhaibu. Sau ɗaya ta ƙara fita, ranar da aka miƙa Umaima, Inna kuma ta sake zama a bencin Tanimu. Ranar fitar takaba Madam Adaeze ta zo da atamfa, Asma'u ta zo da tukunyar shinkafa da wake da yarinya a goye, Inna da kanta ta sa wa Bara'atu kwalli.

Yanzu Bara'atu tana nan a Magajiya, a gidan nan dai, ita da Inna Uwani. An nemi aurenta, ta ce tukuna, Inna kuwa ta ce duk ranar da ta ga mai hankali ita za ta yi mata gara. Kullum da safe tana shiga motar Abuja da sallaya a jaka, ranar da akwai zama a Suleja kuma tana kotu. In an yi rasuwa a unguwa, su biyu suke zuwa wurin mai takaba, Bara'atu ta faɗa mata abin da ke littafi, Inna ta zauna kusa da ita. Wuƙar tana cikin kwallar Inna a ƙunshe a tsummanta, ba a ƙara ba wa kowa ita ba.